Kafin Ka Sayi 85mm, Fara Auna Tsakar Gidan

Yawancin matasan da ke shiga sana'ar hoto a yau daga YouTube suke ɗaukar darasinsu na farko, kuma bakin malaman can kusan ɗaya ne: in kana son hoton mutane ya fita, nemi gilashin kyamara mai lamba 85mm, ka buɗe shi har f/1.8, baya ya narke, fuska ta fito tar. Ba ƙarya suka yi ba. Sai dai iyalin da suke nunawa a bidiyon miji ne da mata da 'ya'ya biyu, wani lokacin har da kare, a makeken filin ciyawa a Amurka ko Ingila, rana ta yi sanyi. Kai kuwa da aka kira ranar Sallah, abin da za ka tarar shi ne Alhaji da matansa, da 'ya'ya da surukai da jikoki, mutum 20 ko fiye, a tsakar gidan da daga bango zuwa bango bai wuce taku goma ba. An sauko daga Idi, rana ta take, rabin jama'ar cikin farar shadda. Gilashin da ya yi wa wancan Bature aiki, kai tarnaƙi zai zame maka.

Lambar da ke rubuce a bakin gilashi, wadda ake bi da mm, ba girmansa take nufi ba, ba kuma ingancinsa ba. Faɗin wurin da kyamara za ta iya kwasowa daga inda kake tsaye take gaya maka. Ƙaramar lamba, kamar 24 ko 35, tana kwaso wuri da faɗi. Babba, kamar 85 ko 135 ko 200, tana tsuke ganin, ta zuƙo abin da ke nesa. Lissafin ba shi da wuya. A kyamara mai babbar sensa (sensa ita ce ɗan farantin cikin kyamara da haske ke sauka a kai ya zama hoto), irin su Canon 5D da 6D ko Nikon D750, faɗin sensar milimita 36 ne. Ka ninka faɗin jama'ar da lambar gilashin, ka raba da 36, abin da ya fito shi ne nisan da za ka tsaya. Mutum bakwai ko takwas kafaɗa da kafaɗa, cikin manyan riguna, sun cinye mita 4. Da 85mm sai ka ja da baya kusan mita 9 da rabi. Da 50mm, mita 5 da rabi. Da 35mm, kusan mita 4. Wannan fa ba a bar ko ɗan fili a gefe ba, kuma dole ka bari, don in za a wanke hoton a sa shi a firem mai inci 8 da 10, sai an datse gefe da gefe.

Abin da ke ƙara dagula lissafin shi ne kyamarorin da aka fi fara sana'a da su, irin su Canon 600D da 700D da 2000D, ko Nikon D3200 da D5300, ƙaramar sensa gare su. Tsakiyar abin da gilashin ya gani kawai suke ɗauka. Don haka a Canon sai ka ninka lambar da 1.6, a Nikon da Sony da Fujifilm kuma da 1.5. Gilashin 50mm ɗin nan mai araha da kowa ke fara saye, a jikin 700D ganin 80mm yake yi, wato iyalin nan na mita 4 sai ka ba su mita 9. Shi kuwa 85mm ya koma 136mm, yana neman mita 15. Wane gida ne a cikin birnin Kano ko Zariya ko Damagaram ke da tsakar gida mai mita 15? Sai dai ka fice ta zaure ka tsaya a lungu. Mai ƙaramar sensa, gilashin taronsa tsakanin 24 da 35 yake. Canon na da ɗan falalen 24mm f/2.8 na EF-S, wanda ke ba da ganin kusan 38mm. Nikon na da 35mm f/1.8G na DX, mai ganin kusan 52mm. EF-S da DX alamun gilasan da aka yi wa ƙaramar sensa ne. Ba su da suna a bakin masu bidiyo, amma su ne ke shiga gidajenmu.

To, in wuri ya yi ƙunci, me zai hana a murɗa gilashi zuwa 18mm ko ƙasa da haka, a matso kusa, kowa ya shiga? Nan ne hotunan iyali da yawa ke lalacewa, kuma ana ɗora wa gilashin laifin da ba nasa ba ne. Abin da ke canza kamannin mutum a hoto nisan da ke tsakaninsa da kyamara ne. Ka ɗauka an yi sahu uku, daga yaran da ke zaune a kan darduma zuwa samarin da ke tsaye a baya akwai mita 2. In ka tsaya mita 2 daga sahun gaba, na baya suna mita 4 ke nan, don haka kan yaron da ke gaba zai ninka kan yayansa na baya a girma. Ja da baya zuwa mita 5, na baya sun koma mita 7, bambancin ya sauko zuwa kashi 40 cikin 100. A mita 9 da 11, ya rage kashi 22, ido ma ba zai lura ba. Haka abin yake a fuska ɗaya: in ka kusanci mutum sosai, hancinsa ya fi kunnensa kusa da kai, sai hancin ya kumbura, kunne ya shige. Dogon gilashi ba wani sihiri yake yi ba, tilasta maka ja da baya kawai yake yi, ja da bayan shi ke gyara fuska.

Akwai kuma illa ta biyu, wadda ita kam ta faffaɗan gilashi ce. Duk abin da ya faɗo can gefen hoton sai ya miƙe ya yi faɗi. Bango ba ya ƙorafi, amma kan mutum da kafaɗarsa suna bajewa. A hoton iyali kuwa, su wa ake turawa gefe? Goggo da ta zo yawon Sallah, da matar ƙanin maigida. Ita ce za ta karɓi waya ta zuƙo kanta, ta ce, "Kai ɗan nan, haka nake da ƙiba?" Kuma gaskiyarta ce. In har dole ta sa ka sauka zuwa 24mm a babbar sensa, ka tattaro jama'ar tsakiya ka bar fili a gefe, daga baya ka datse. Ka riƙe kyamarar daidai ƙirjin sahun tsakiya, a miƙe, kada ka karkata ta sama ko ƙasa, in ba haka ba ginshiƙan baranda za su kwanta, na gefe kuma su yi kamar za su faɗi. A ganina, ganin 35mm shi ne iyakar faɗin da mutum zai yi aiki da shi hankali kwance, in kuma wuri ya ba da dama, 50mm ya fi.

Lamba ta biyu ita ce mai harafin f, wadda ke nuna buɗin ƙofar da haske ke shiga. A juye take tafiya: ƙaramar lamba babbar ƙofa. Daga f/2 zuwa 2.8, zuwa 4, 5.6, 8, 11, 16, kowane mataki yana rage hasken da rabi. Ita ce ta fi cin kuɗi a gilashi, ita ce kuma ake tinƙaho da ita. Amma bayan haske tana da wani aikin: ita ke yanke zurfin wurin da zai fito rangaɗau gaba da bayan inda ka saita. Da 85mm a f/1.8, kana mita 3 daga mutum a babbar sensa, zurfin nan wajen santimita 13 ne, bai kai kaurin bulo mai inci shida ba. Uwa na zaune da jariri a cinya, miji na tsaye a bayanta: in ka saita a idonta, jaririn ya yi dishi-dishi, mijin ma haka. A f/5.6 zurfin ya kai wajen santimita 40, a nan ne ma za a fara maganar su ukun su fito tare.

In taron babba ne, kana nesa, abin ya fi sauƙi. Jama'ar da ta cika faɗin mita 4, ko da wane gilashi ka ɗauke ta, f/1.8 zai ba ka zurfin da ya ɗan haura mita 1, f/4 kusan mita 3, f/5.6 wajen mita 4. Sai dai wannan ma'auni tun zamanin fim aka tsara shi, don wanda zai riƙe wankakken hoto a hannu ya kalla daga ɗan nesa. Yau kowa zuƙo fuskarsa yake yi a waya har sai ta cika allo. Ga shi gilasai masu araha in an buɗe su ƙarshe, tsakiya ce kawai ke yin kaifi, gefe ya yi laushi. Shi ya sa sahu biyu ko uku wurin zamansu f/5.6 ne zuwa f/8. Wuce f/11 kuma ba riba, kaifin raguwa yake fara yi.

Jera mutanen ma rabin aikin ne. Wurin da kyamara ke saitawa shafaffe ne, a miƙe yake daga hagu zuwa dama, amma mutane in an ce su taru, da kansu suke lanƙwasowa, na gefe su matso gaba su yi baka. Sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya. "Baba, ranka ya daɗe, a ɗan tura hular baya, ta rufe ido." "Hajiya, a gyara kujerar ta yi daidai da ta Alhaji." "Yaya, ku na baya ku matso har gwiwarku ta taɓa kujera." Yaran gaba kuma a ja su baya su jingina da ƙafafun kakanni. Da wannan kaɗai zurfin mita 2 zai iya dawowa mita 1 da 'yan kai. Sannan ka saita a idon sahun tsakiya, wanda galibi shi ne na dattawan da ke zaune. Ga wani dalilin da ya sa ban son dogon gilashi a babban taro: daga mita 10, ga janareto na ruri, ga maroƙa a ƙofar gida, muryarka ba za ta kai ga yaron da ya juya yana kallon akuya ba. Daga mita 5 kuwa kana iya kiran sunansa ya waiwayo.

Sai maganar rana, wadda malaman intanet ba su cika damuwa da ita ba domin tasu ba irin tamu ba ce. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ta ce a tsakar rana, ISO (ma'aunin ƙarfin jin hasken sensa) na 100, in ƙofa na f/16, saurin shota, wato ɗan lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga, 1/100 na daƙiƙa ne. Buɗe ƙofar zuwa f/2.8 yana neman 1/3200, f/1.8 kuwa wajen 1/8000. Ƙananan kyamarorin nan, har ma da 6D da D750, iyakarsu 1/4000. Wato a ƙarfe goma sha ɗaya na safiyar Sallah, musamman a shekarun nan da Ƙaramar Sallah ke faɗowa cikin bazara, f/1.8 ɗin da ka zuba wa kuɗi ba zai ma yi amfani a fili ba, sai ka ɗaura wa gilashin baƙin tabarau mai rage haske, wanda ake ce wa ND. In ba haka ba farar shadda ta ƙone fat, aikin zare da aka kashe wa kuɗi a wuyan babbar riga ya ɓace. In kuma ka ce za ka kunna filasha don kore inuwar da hula da gwaggwaro ke jefawa a ido, yawancin kyamarori ba sa wuce 1/200 ko 1/250 da filasha, wanda ke mayar da kai wajen f/11. Mafita mafi araha ba a jikin gilashi take ba: a koma inuwar bango ko ta darbejiya mai duhu, ko a roƙi maigida a bari sai bayan la'asar. Sai dai a kula, mu da ke kusa da tsakiyar duniya, ranarmu in ta tashi faɗuwa ba ta jira. Lallausan hasken nan na gab da magariba ɗan lokaci ne, kuma a nan ne babbar ƙofa ke biyan kuɗinta. Murfin bakin gilashi mai kama da malafa, wanda da yawa ke jefawa a jaka, shi ma a ɗaura shi, yana hana rana shiga ta gefe ta wanke launi.

Shi kansa narkakken bayan da ake ta rububi a kai, ina ganin an ba shi matsayin da ya wuce nasa. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagon hotonsa a Bamako a 1948, a tsakar gidansa yake ɗaukar mutane da hasken rana, zane mai ado a rataye a bayansu. A hotunansa zanen jikin mace da na bayanta duk a fili suke, kuma har yau ana baje kolinsu a manyan gidajen tarihi na duniya. Hoton iyali ajiya ce. Bayan shekara 30, ƙofar ɗakin kaka da rumfar da aka rushe da bishiyar da aka sare za su yi wa jikoki daraja kamar fuskokin. In bayan tarkace ne, bokitai da igiyar shanya, a kwashe su ko a sauya kusurwa. In kuma lallai ana son ya yi laushi, a janye jama'ar daga jikin bango mita 3 ko 4, ko a f/4 za a ga bambanci. Jingina mutane da bango sannan a buɗe f/1.8, asara biyu ce: bangon bai narke ba, sahun baya kuma bai fito ba.

Wannan ba ya nufin 85mm ba shi da wuri. Da zarar an gama babban hoto, taro ya watse, aka fara na ɗaiɗaiku, lokacinsa ya zo: Alhaji shi kaɗai da rawaninsa, kaka da jikar da aka yi mata takwara, ango da amarya. A nan yana da wani amfani da ba a faɗa a bidiyo. Mai hoto baƙo ne da aka shigo da shi cikin gida, kuma bai kamata ya kai kyamara dab da fuskar matar aure ko dattijuwa ba. Da 35mm, in kana son kai da kafaɗa, sai ka matso ƙasa da mita 1, ita ta takura, ta sunkuyar da kai, fuskar ma ta karkace. Da 85mm kana mita 2 ko 3, kunya ta ragu, mutum ya saki jiki. Mai ƙaramar sensa ba ya ma buƙatar sayen 85, domin 50mm ɗinsa ya riga ya zama 75 ko 80. Ga shi yana saita abu daga kusa: Canon 50mm f/1.8 STM na kamawa daga santimita 35, alhali 85mm f/1.8 sai daga santimita 85, don haka hoton lalle a tafin hannu ko zobe ya fi masa sauƙi.

Shi kuwa 70-200mm f/2.8, farin dogon nan na Canon da kowane mai hoto ke mafarki, nauyinsa ya kai kusan kilo ɗaya da rabi. Wurinsa Hawan Daushe ne, ko filin Idi na Ƙofar Mata, ko ranar da iyali suka fita shan iska bakin dam ɗin Tiga, inda yara ke guje-guje kai kuma kana da filin ja da baya. Ko a can, lokacin hunturu, duk nisan da ka ƙara ƙurar da ke tsakaninku ce ke ƙaruwa, hoto ya yi fari-fari. A tsakar gida kaya ne kawai.

Ƙurar nan ita ce babbar hujjar masu son gilashi mai zuƙowa, wanda ake murɗawa lambarsa ta canza. Tsayayyen gilashi, mai lamba ɗaya, ya fi araha, ya fi sauƙin ɗauka, galibi ya fi kaifi a kuɗinsa. Amma in za ka yi aiki da 35 da 85, sai ka riƙa cirewa da sakawa, kuma duk cirewa a cikin iskar Disamba ko Janairu ƙura ce ke sauka a kan sensa. Ba za ka gan ta a f/2 ba, sai ranar da ka rufe zuwa f/11 ka ga ɗige-ɗige a sararin sama a kowane hoto. Gilashi ɗaya mai 24-70mm f/2.8 ko 24-105mm f/4 a babbar sensa, ko 17-50mm f/2.8 na Sigma ko Tamron a ƙarama, yana gama aikin yini ba a cire shi ba. Haɗarinsa lalaci ne: mutum ya kafe wuri guda yana murɗawa, ya wayi gari duk hotunansa a 24mm. Ka fara zaɓar lambar da kake so, sannan ƙafarka ta nemi wurin tsayuwa. In kuma dole sai an canza gilashi a waje, a kashe kyamarar, a juya wa iska baya, a kifa bakinta ƙasa.

Kada kuma a raina 18-55mm da ke zuwa tare da kyamara. Rauninsa ƙaramar ƙofa ce, f/3.5 zuwa 5.6, amma ai mun ga cewa babban taro a waje f/5.6 zuwa f/8 yake nema. Ka tsayar da shi tsakanin 24 da 35, a f/8, a inuwa mai haske, shota kada ta gaza 1/250 saboda yara, hoton zai fi na wanda ya zo da gilashin miliyoyi ya buɗe shi ƙarshe. Alamar IS ko VR da ke jikinsa rawar hannunka take gyarawa, ba ta tsayar da yaron da ke mutsu-mutsu. Mai ɗauka da waya ma lissafin bai bar shi ba: babban idon yawancin wayoyi ganin 24 zuwa 26mm yake yi, shi ya sa na gefe ke bajewa. In wayar na da ido na biyu mai 2x ko 3x, a ja da baya a yi amfani da shi. Narkar da bayan da waya ke yi kuwa na manhaja ne, yakan gutsure bakin mayafi da kunnen ɗankwali.

Wajen saye, musamman na hannu, abu na farko shi ne ko gilashin zai hau kyamararka ya yi aiki. Gilashin EF-S na Canon ba ya hawa 5D ko 6D. Na EF, wanda Canon ke yi tun 1987, yana aiki a sababbin kyamarorin RF da suka fito daga 2018, amma sai da adafta. A Nikon tarkon ya fi ɓuya: jerin D3000 da D5000 ba su da injin saiti a jikinsu, don haka tsohon 50mm f/1.8D zai hau, ya ɗauki hoto, amma ba zai saita kansa ba, sai da hannu. Wanda za ka nema shi ne mai AF-S, mai injin saiti a jikinsa, wato 50mm f/1.8G. Ka je da kyamararka, kada ka yarda da ta mai shago. Cire murfin gaba da na baya, ka haska fitilar waya ta ciki kana leƙe ta ɗaya ɓangaren. 'Yar ƙura ba komai ba ce, kusan kowane tsohon gilashi na da ita. Abin gudu shi ne farin zare-zare mai kama da yanar gizo, fumfuna ke nan, wadda ke kama gilashin da aka ajiye a wuri mai laima, ko hazon da ya lulluɓe ciki gaba ɗaya. Ka murɗa zoben zuƙowa ka ji ko yana cijewa. Daga nan ka fita waje ka ɗauki bango mai rubutu a buɗin ƙarshe, ka zuƙo kusurwa huɗun a allo. In gefe ɗaya ya fi ɗaya laushi, gilashin ya taɓa faɗuwa ko ya goce daga ciki, ka ajiye masa kayansa ko nawa ya rage maka.